Shekara Uku a Ƙarƙashin Ɗalibata

Shekara bakwai na yi ina mataimakin edita a mujallar ƙungiyarmu. Mujallar kimiyya ce, tana fitowa sau biyu a shekara, kuma yawancin abin da ake bugawa a cikinta bincike ne kan ruwan sha da ƙasar noma da cututtukan da ke bin su. Ba irin wadda za ka gani a hannun masu sayar da jarida a bakin titi ba ce. Masu karanta ta malaman manyan makarantu ne da ma'aikatan ɗakunan gwaji, mutanen da ƙarin girmansu a wurin aiki ya rataya a kan ko an buga musu maƙala ko ba a buga ba. Ni ma a cikinsu nake, ina koyar da ilimin ƙananan halittu a wata babbar makaranta a nan Kaduna.

Ofishin mujallar ɗaki ɗaya ne a Abakpa, a saman shagon wani mai gyaran keken ɗinki. Tebur biyu ne a ciki, babba na babban edita, ƙarami nawa. Babban editan namu wani dattijo ne da duk muke ce wa Baba Farfesa. Dokar ƙungiya ta ce edita ya yi shekara uku ya sauka, amma shi sai da ya yi tara, domin duk lokacin da wa'adinsa ya cika sai a ce ba a samu mai karɓa ba. Aikin sa kai ne, ba abin da ake samu a cikinsa sai ciwon kai da gabar mutanen da ka ƙi buga wa aiki.

Yadda aikin yake shi ne, mutum ya aiko da maƙalarsa, mu duba, mu aika wa masana biyu su yi bita. Su ne za su ce a buga, ko a gyara, ko a mayar wa mai ita. Hukuncin ƙarshe na babban edita ne. Baba Farfesa yana zuwa Talata da Alhamis bayan azahar, ya yanke hukunci ya sa hannu ya tafi. Sauran duk ni ne. Daga gidana a Hayin Banki nake hawa keke-napep zuwa Kawo, in shiga bas zuwa Abakpa. Ni ke bin masu bita da waya har su gaji da ni, ni ke kai aiki maɗaba'a, ni ke karanta kwafin gwaji layi bayan layi kafin a buga. Ina da wani littafi mai baƙar bango da na rubuta sunayen masu bita a ciki, kowa da halinsa a gefen sunansa: wanda sai an je har ofishinsa, wanda ba ya ɗaukar waya sai ranar Asabar, wanda ba a ba shi aikin wane domin ba sa ga maciji tun wani taro da suka yi cacar baki.

Da Baba ya ce a wannan karon zai sauka da gaske, ban ko tambayi kaina wa zai gaje shi ba. Kowa ya san ni ne. Masu bita sun fara ce min edita a waya, ni kuma ina cewa su bari, ina murmushi. Har sharhin da zan buɗe fitowata ta farko da shi na rubuta, na ajiye a aljihun tebur. Ranakun da Baba ba ya nan, wani lokacin nakan kai aikina kan babban teburin, wai ya fi samun iskar taga.

Akwai wata a kwamitin editocinmu da ban taɓa sa ta a lissafi ba. Ɗalibata ce. 'Yar kudancin Kaduna ce, Kirista, amma a Abakpa aka haife ta, gidan iyayenta bai fi tafiyar minti goma daga ofishinmu ba. Ni na duba aikinta na kammala digirin farko. Maƙalarta ta farko sau uku ina mayar mata da ita, kowane shafi ya yi ja da birona, har ta yi kuka a ofishina ta ce ita ba ta iya rubutu ba, na ce mata ta iya, haƙuri ne ba ta da shi. Daga baya ta tafi ƙasar waje ta yi digirin dakta, ta dawo ta kama aiki a wata cibiyar binciken cututtukan dabbobi. Shekararta biyu kacal a kwamitinmu, kuma ni na kawo ta.

Ranar taron shekara na sa farar shadda. Dattawa biyar ne ke zaɓen edita, shugabansu ya tashi ya yi doguwar godiya ga Baba Farfesa, ya juyo kaina ya yabe ni yabon da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Tun daga tsawon yabon nan na san da wata a ƙasa. Sai ya ce kwamiti ya ga ya dace mujalla ta shiga sabon hannu, ya kira sunanta.

Na tafa. Na tafa da ƙarfi har tafin hannuna ya yi zafi, domin na san rabin mutanen zauren ni suke kallo, ba ita ba.

Da aka tashi ta ratso mutane ta zo inda nake, ta ɗan rusuna kamar yadda ta saba tun tana ɗaliba.

Ta ce, "Malam, Allah ya sani ban nema ba. Shekaranjiya aka kira ni."

Na ce, "Haba Dakta, ai abin farin ciki ne. Allah ya taya ki riƙo."

Wannan ce rana ta farko da na ce mata Dakta. A da ƙanwata nake ce mata. Na ga ta ji canjin a fuskarta, na kuma ji daɗin da ta ji shi. Abin da ya tsaya min a rai a bas har Kawo shi ne kalmar shekaranjiya. Kwana biyu ke nan ta sani, jiya kuma mun yi waya kan wata maƙala, ba ta ce min komai ba.

A gida na tarar matata ta soya cincin, ta haɗa zoɓo a babbar roba saboda masu zuwa barka. Malamar firamare ce, ba ta da yawan magana. Ta dubi fuskata sau ɗaya ta ce, "Abban yara, wa aka ba?" Na faɗa mata. Ta ce, "Allah ya sa hakan ne alheri," ta ɗauke robar ta shigar ciki. Mun yi kusan mako muna karyawa da cincin nan, ba wanda ya sake tayar da zancen.

An bar ni a matsayina na mataimaki. Na so in ajiye, amma na san abin da za a ce, don haka na zauna.

Ranar farko da muka haɗu a ofis, na iske ta a tsaye tana jirana, jakarta a hannu. Ta ce in koma babban teburin, ita ƙaramin ya ishe ta, ba za ta iya zama a can ina nan ba. Da ta shigo ta zauna kawai, da abin ya fi min sauƙi. Na ce, "Dakta, teburin na edita ne, ba na mai shekaru ba. Ki zauna a wurinki." Ta zauna a bakin kujerar kamar baƙuwa. Ban ɗaga kai na dube ta ba har muka tashi.

Mako na biyu ta nemi littafin masu bita. Na ce mata rubutuna ba ya karantuwa, zan buga mata a kwamfuta. Na buga mata sunaye da lambobin waya, na bar duk abin da ke gefen sunayen. Mutum huɗu da suka fi kowa saurin aiki da gaskiya kuwa ban sa su ba sam. Na zauna ina kallo tana kiran mutumin da ba ya ɗaukar waya sai Asabar, ranar Talata, sau biyar. Na ga ta aika wa wani maƙalar abokin gabarsa, ya dawo da ita da zagi shafi biyu. Ina jira ta juyo ta ce Malam ka taimake ni. Na ma shirya yadda zan taimaka, a hankali, cikin mutunci, ta yadda labari zai kai ga dattawan nan biyar.

Ba ta juyo ba. Sai ta koma kan kwamfutarta tana rubuta wasiƙu. Cikin 'yan watanni ta samo sababbin masu bita daga Zariya da Jos da Ibadan, har da waɗanda ta yi karatu da su a waje. Mutanen da ban taɓa jin sunansu ba, suna dawo da aiki cikin mako uku ba tare da kowa ya je ofishinsu ya gaishe su ba. Littafina mai baƙar bango, da na yi shekara bakwai ina tarawa, ya zama ba a bukatarsa.

Daga nan ta fara kawo canje-canje. A cire sunan marubuci kafin a aika wa mai bita. A riƙa sa mujallar a intanet. Idan ɗan kwamiti ya kawo tasa maƙalar, ya fita daga ɗaki, wani ya riƙe ta. Kowanne na yi jayayya da shi a taro, da hujjoji masu kyau. Wasu hujjojin nawa ma gaskiya ne, har yau ina ganin haka. Amma na san ko da ta ce a riƙa share ofis da safe, sai na samo dalilin da ya sa yamma ta fi.

Abin da na fi jin kunyarsa ya faru ne a fitowarta ta farko. Maɗaba'a ta aiko da kwafin gwaji, ni kuma aikina ne in karanta. Akwai maƙalar wani malami daga wata kwaleji a Kafanchan, kan ruwan rijiyoyi. A jadawalinsa na biyu mai shirya shafi ya juya kanun, ya sa rani a wurin damina, damina a wurin rani. Duk wanda ya karanta zai ga jadawalin yana ƙaryata abin da marubucin ya faɗa a rubutu. Na gani nan take, ido na ya saba. Na ɗora bakin jan birona a wurin. A ƙasa mai gyaran keken ɗinki yana gwada wani keke, ina jin ƙararsa. Ita tana babban teburin tana waya da wani, tana dariya, tana cewa a Turanci wannan fitowar za ta bambanta da na baya. Na ɗaga biron, na juya shafin. Da na gama na sa hannu na miƙa mata, na ce komai daidai.

Aka buga. Bai yi wata guda ba marubucin ya kira. Ya sa maƙalar a takardun neman ƙarin girma, kwamitin makarantarsu ya ga saɓanin, wani a cikinsu har ya ce ƙila ƙirƙirar sakamakon ya yi. A zauren hirar ƙungiyarmu na waya aka fara gunaguni. Wani ya rubuta cewa a zamanin Baba Farfesa ba a taɓa irin wannan ba. Wani ya ce abin da gaggawar ba yara ragama ke jawowa ke nan. Saƙonnin nan biyu na karanta su ya fi sau goma. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, irin daɗin da mutum ke ji idan ya sosa ƙurji.

Ita kuwa ba ta tambaye ni komai ba. Ta rubuta wa makarantar wasiƙa ta ce kuskuren na edita ne, ba na marubuci ba. Da ta ga wasiƙa ba za ta isa ba, ta ɗauki ainihin rubutun da ya aiko mana ta shiga mota da kanta ta je Kafanchan ta nuna musu. A fitowa ta gaba ta buga gyara a shafin farko, da ban haƙuri, da sunanta ita kaɗai a ƙasa. Mu a da idan an yi kuskure shiru muke yi mu bari a manta. Sai ga mutanen da suka yi gunaguni suna yabo, suna cewa yau mujallarmu ta zama mujalla, tunda ta iya cewa ta yi kuskure. Ramin da na bari a buɗe, shi ya ƙara mata tsawo.

Na ba matata labarin wata ranar Asabar tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Na ba ta shi kamar abin dariya, na ce sabuwar edita ta sha wuya. Ban san yadda aka yi bakina ya kai ga cewa ni na ga wurin ba. Ta tsayar da hannunta a cikin faranti.

Ta ce, "Ka gani ka bari?"

Na ce, "Ai ba ni ne edita ba."

Ta ce, "To shi bawan Allahn nan na Kafanchan, me ya yi maka?"

Gaskiyar magana, har ta yi tambayar nan ban taɓa tunaninsa a matsayin mutum mai iyali da ke jiran ƙarin girma ba. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Kwana biyu tana ba ni abinci tana gaishe ni, amma ba ta zauna hira da ni ba.

A shekara ta biyu na kawo tawa maƙalar. A zamanin Baba na buga da yawa a mujallar, ba wadda ta wuce mako biyu ba a karɓa ba. Wannan karon na fita daga ɗaki kamar yadda sabuwar doka ta ce, wani ɗan kwamiti ya riƙe ta. Bayan wata ɗaya ta dawo. Mai bita na farko ya yi 'yan gyare-gyare. Na biyu ya rubuta shafi uku. Ya ce samfurin da na ɗauka bai isa in yanke hukuncin da na yanke ba. Ya ce littattafan da na dogara da su sun tsufa. Ya ce marubucin ya iya rubutu, amma da alama ya daɗe ba wanda ya ce masa a'a.

Na tabbata ita ce. Wa zai rubuta wannan in ba wadda ke rama jan biron da na yi mata ba? Na ninke takardun na sa a aljihu, bayan la'asar na tafi gidan Baba Farfesa a Unguwar Sarki. Na same shi a bayan gida yana zuba wa tantabarunsa dawa. Tun da ya sauka ya yi ƙiba, fuskarsa ta yi haske. Muka gaisa, aka kawo min kujera, na zayyana masa komai. Na ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar nan ta mai da mujalla wurin ramuwa. Dubi abin da ta rubuta min, ta ɓoye a bayan mai bita."

Ya karɓa, ya sa tabarau, ya duba shafin farko kawai ya miƙo min.

Ya ce, "Ni na rubuta."

Na sake duba takardun da ke hannuna.

Ya ce, "An aiko min ba suna. Sai da na kai tsakiya na gane salonka, lokacin kuwa na riga na rubuta rabin abin da na rubuta. Na yi tunanin in goge, sai na ce shekara tara ina gogewa, ya isa. Kana yi min aiki kamar ɗa, ta yaya zan dawo maka da maƙala? Nauyinka nake ji. Ban kyauta maka ba."

Tunda abin ya kai nan, sai na yi tambayar da ta kusa shekara biyu a raina. Na ce, "Baba, me ya sa ba ni ba?"

Ya watsa sauran dawar, ya kakkaɓe hannu. Ya ce, "Ni na kawo sunanta. Kai ka san kowa. Duk wanda ya aiko maƙala ka san matarsa ba ta da lafiya, ka san shekararsa nawa yana jiran ƙarin girma. Ni ma haka nake, shi ya sa muka yi ta buga abin da bai kamata ba. Sannan da an ba ka, ba za ka sauka ba. Kana tsammani da gaske ba a samu mai karɓa ba ne duk shekarun nan? Ban nema ba ne. Ina son kujerar."

Ya rako ni har bakin ƙofa, yana riƙe da hannuna. Mutum zai zaci maganar nan ta warkar da ni. Ba ta warkar ba. Na fito ne da mutum biyu da nake jin haushi maimakon ɗaya. A hanya abin da nake ta juyawa shi ne, duk ranakun da nake zaune a ƙaramin tebur ina yi masa aiki, yana kallona yana auna ni, ya ga ban kai ba, ya ga ita ta kai.

Maƙalar dai na gyara ta. Na koma na ƙara samfuri, na yi wata huɗu a kai, aka buga. Ita ce ta farko a rayuwata da wani daga wata ƙasa ya rubuto min yana tambaya a kanta, domin ya gan ta a intanet. Na yi murna kwana ɗaya, sannan na tuna wa ya sa mujallar a intanet.

Da wa'adinta ya kusa cika, mutane suka yi ta roƙo ta ƙara uku. Dattawan biyar suka je har gidan iyayenta. Ta ce doka uku ta ce, kuma tana da binciken kanta da ta yi wa riƙon sakainar kashi. Na yi ta jira in ga ranar da za ta ce to tunda kun matsa. Ranar ba ta zo ba. Har saukar ma ta fi ni iyawa, domin Baba ya yi gaskiya, ni da ba zan sauka ba.

Wata Alhamis ana ruwa, tana kwashe takardunta daga babban teburin tana zubawa a kwali, mu biyu ne a ofis. Ban shirya ba, sai na ji na ce, "Dakta, jadawalin nan na mutumin Kafanchan, na gan shi kafin a buga."

Ba ta daina abin da take yi ba. Ta ce, "Na sani, Malam. Da abin ya faru na ɗauko kwafin gwajin na duba. Akwai ɗigon jan biro daidai wurin."

Na ce, "Ba ki ce komai ba."

Sai a lokacin ta juyo. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce, "In ce me? In kai ƙararka a ce ɗaliba ta samu kujera ta kori malaminta? Ranar na je gida na rubuta takardar ajiye aiki. Mamata ce ta hana ni miƙawa. Kada ka ɗauka haƙuri ne ya sa na yi shiru, Malam. Na yi fushi da kai fiye da shekara. Duk kwafin da ka karanta bayan nan sai na tafi da shi gida na sake karantawa." Ta ɗaure kwalin da igiya. Ta ce, "Ni ya wuce a wurina. Amma shi mutumin Kafanchan ya rasa ƙarin girman shekarar, sai ta gaba ya samu. Shi ya kamata ka kira."

Na kira shi bayan kwana uku. Ya saurare ni har na gama, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya kashe wayar. Bai sake aiko mana da maƙala ba.

Ni aka ba kujerar bayanta, amma ba yadda na yi mafarki ba. Ita da kanta ta faɗa min cewa ba sunana ta bayar ba, wani ta bayar, shi kuma aka yi masa canjin aiki zuwa Abuja ya ce ba zai iya ba. Sai aka waiwayo ni. Na karɓa, na sa hannu a takardar da ta ce shekara uku ba ƙari. Ban canza ko ɗaya daga cikin dokokin da na yi ta yaƙa ba, domin da na zauna a wurin na ga ba zan iya aikin ba sai da su. Masu bitar da ta samo suna amsa min cikin ladabi, amma kusan kowace wasiƙa sai an ƙare da a gaida Dakta. A taro idan an so yabona sai a ce na riƙe abin da ta bari.

Watan jiya ina cikin bas a Kawo ana jiran ta cika, sai saƙo ya shigo zauren ƙungiya cewa wata babbar mujalla ta ƙasar waje ta ɗauke ta cikin editocinta. Saƙonnin barka suka yi ta zubowa. Na ji abin nan ya taso min sabo fil, kamar ban taɓa yin istigfari a kansa ba. Shekaruna sun kusa sittin, na yi aikin Hajji, ina da jikoki, ga ni a kujerar baya ta bas ina ƙyashin yarinyar da na koya wa rubuta maƙala. Na rubuta barka na goge, na sake rubutawa na ga ya yi tsawo kamar na mai neman wani abu, na goge. Sai da muka wuce gada na tura mata kalma huɗu, Allah ya sanya alheri.

Da yamma ta amsa. Ta yi godiya, sannan ta ce akwai wata maƙala da aka ba ta kan ƙwayoyin cuta a ruwan rijiya, tana neman mai bita da ya san irin ƙasarmu, ko zan duba musu. Na ce zan yi tunani. Na yi mako biyu ina tunanin, ina neman dalilin ƙi, ban samu wanda zan iya faɗa wa matata ba. Maƙalar tana kan teburina yanzu, na kai shafi na shida, na cika takarda biyu da sharhi. Ban taɓa yi wa wani aiki bita da irin wannan kulawar ba, kuma na san ba marubucin nake so ya gani ba.